Na Kalli Fuskarsa, Su Suka Kalli Ƙafarsa

Shekara tara ke nan cif, a wannan kakar riɗi, da rasuwar mai gidana. Idan aka ce in nuna inda labarin ya fara, ba asibiti zan nuna ba. Wata 'yar ƙara ce a bayan madafa: farcen zakara yana kartar cikin tasa, ƙar, ƙar, ƙar, bayan an riga an yanka shi. Satina biyu a ɗakin aure. Ya yanka zakaran don baƙi, ya sa shi a tasa, ya ce in kawo ruwan zafi. Na tsaya da buta a hannu ina sauraron ƙarar nan, sai kawai na fashe da kuka. Na ce bai mutu ba, yana jin zafi, mun zalunce shi.

Na ɗauka zai yi mini dariya, kuma ya yi, amma kaɗan. Ya karɓi butar ya ajiye, ya ce, "Jiya da yatsanki ya taɓa kaskon doka kina yin wainar kisra, me ya fara faruwa? Kin fara jin zafi ne, ko kin fara janye hannu?" Na tsaya ina tunani. Gaskiya hannun ne ya riga. Sai da ya dawo ƙirjina sannan zafin ya iso, sannan na ce wayyo. Ya ce, "To wa ya janye shi, tunda ke ba ki sani ba tukuna?"

Sunansa Idrisa. Sau ɗaya zan rubuta shi a nan, don yana raye ma sau ɗaya tak sunan ya fita daga bakina. Mutanen unguwarmu a Gadarif Baiɗari suke ce masa, wato likitan dabbobi, ko da yake shi kullum yana gyara musu cewa mataimaki ne kawai. Kakanninsa makiyaya ne da suka taso daga yamma da niyyar hajji, shanu suka ƙare a hanya, suka zauna suka kama noma. Shi ya yi karatu, ya koma wa shanun ta wata ƙofar, da allura da jaka a kafaɗa.

Ni ma na yi sanawiyya, wato sakandare. Na ma taɓa zana abin a littafi don jarrabawa, layi ya tashi daga fata ya shiga baya, ya fito ya koma tsoka. Amma ban taɓa haɗa zanen da hannuna ba sai ranar zakaran nan. Da Layya ta zo bai manta ba. Yana sassara ƙashin bayan rago ya kira ni, ya nuna mini farar igiyar nan mai laushi da ke kwance a cikin ƙashin, wadda yara ke rububin tsotsewa a miya. Ya ce ita ce laka, daga kai ta taso har gindin wutsiya, kuma jijiyoyin ƙafafu duk a jikinta suke haɗuwa. Idan saniya ta taka ƙaya, labarin ba ya jiran ya kai ƙwaƙwalwa. Yana shiga laka, ita kuma nan take ta ba tsoka umarni ta ɗage ƙafar, ta kuma sa ɗaya ƙafar ta ƙage don kada saniyar ta kife. Sai daga baya kai ya samu labari, a ji zafi.

Ya kan ce kamar wakilin gona ne. Idan wuta ta kama dawa a Ƙala'at an-Nahal, wakili ba ya aika wa mai gona a Gadarif ya zauna jiran amsa. Yana kashe wutar, labari ya bi daga baya. Kuma ko mai gonar ya yi tafiya, ko ma ya rasu labari bai iso ba, wakili zai ci gaba da yin abin da ya saba na ɗan lokaci. Haka zakaran nan yake, in ji shi. Jini ya yanke wa kai, kai ya yi shiru, laka ce ke da sauran ƙarfi tana harba ƙafafu. Shi ya sa ake wasa wuƙa sosai, a yi sauri, kada a wahalar da dabba kafin shirun ya zo.

Daga nan na zama ɗalibarsa ban sani ba. Kare ya zo wucewa ya sosa masa gefen ciki, ƙafar baya ta kama susar iska, ya ce in duba, karen bai yi niyya ba. Akuya ta haihu, ɗan ya miƙe yana tangaɗi yana jefa ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ya ce wa ya koya masa jeri? Allah Ya ajiye tsarin takun a bayansa tun yana ciki. Ba ya faɗin irin wannan sai ya ƙara da subhanallah, kuma ba don a ji ba.

Abin da ya fi zauna mini shi ne jakin Baba Jibrin. Baba Jibrin dattijo ne mai sayar da ruwa a karo, wato amalanken jaki, ganga ɗaya da jaki ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san darajar mai kawo ruwa. Wata rana da hantsi lori ta bugi jakin ta baya. Aka ɗauko shi a kan karon nasa, aka sauke a ƙarƙashin bishiyar da ke ƙofar gidanmu. Mai gidan ya ce in miƙo awartaki, na miƙa, na tsaya a bakin ƙofa ina leƙe. Ya matse fatar da ke saman kofaton ƙafar baya. Ƙafar ta janye.

Baba Jibrin ya ɗaga hannu sama. "Allahu akbar! Ka gani, ya Baiɗari? Yana ji!"

Ya ce, "Baba, bar kallon ƙafa. Kalli fuskarsa."

Ya sake matsawa da ƙarfi. Ƙafar ta sake fizgewa, amma jakin yana ta tauna karan da aka zuba masa, ko kunne bai kaɗa ba. Sai ya koma ƙafar gaba ya ɗan matsa kaɗan. Jakin ya wurgo kai ya kai masa cizo. Ya ce, "Wannan shi ne ji. Waccan ta baya laka ce ke aiki ita kaɗai, hanya ta yanke tsakaninta da kai. Ba zai tashi ba, Baba."

Baba Jibrin ya ce yaron zamani ne, shi tun kafin a haife shi yake da jakuna. Ya mai da jakin gida, kwana goma sha biyu yana juya shi yana ba shi ruwa a kwano, har ya mutu. Wata guda dattijon bai amsa sallamar mai gidana ba. Na ce masa da ya sassauta, da ya ce a gwada magani. Ya ce, "Na gwammace ya ƙi gaisuwata da in sa shi jiran abin da ba zai zo ba." Haka yake. Ba shi da kaushin baki, amma ba ya lulluɓe gaskiya don wani ya ji daɗin yini ɗaya.

Danginsa kuwa suna da tasu ƙa'idar, ta gado. Idan saniya ta kwanta rashin lafiya aka ga za ta tafi, ana rugawa da wuƙa, kuma bayan yanka kowa ƙafafu yake kallo. In ta shura, sai ka ji "Ta shura! Ta shura!", nama ya halatta. In ba ta motsa ba kuma jini bai yi tsartuwa ba, mushe ce, a ja ta a yar. Bai taɓa jayayya da wannan ba. Ya ce malamai maganar sauran rai a jiki suke yi, kuma daidai suka faɗa. Abin da ba su ce ba shi ne saniyar tana gane mai ita a lokacin. Mahaifiyarsa, Hajja, ta kan ce ya cika bin ƙwaƙƙwafi.

Shekararmu goma sha shida tare. A kakar da ya rasu, ya tafi rigakafi wajen Ƙala'at an-Nahal. Wani bijimi ya ƙwace daga igiya, ya ɗaga shi ya maka da turken ƙarfe, ƙeyarsa ce ta bugu. Aka kawo shi asibiti a Gadarif yana numfashi, idonsa rufe, ba ya magana.

Rana ta uku, Hajja tana shafa masa man riɗi a ƙafa. Tana shafawa tana yi masa magana, kamar yadda uwa ke yi. Ta ce, "Na yafe maka duniya da lahira. In ka ji ni, ka motsa." Farcenta ya bi tafin ƙafarsa. Ƙafar ta lanƙwashe daga gwiwa, ta janye. Hajja ta saki kwalbar. "Ya shura! Musa, zo ka gani, ya ji ni!" Yaya Musa, wansa, ya shigo da gudu. Ta sake yi, ƙafar ta sake janyewa. Matan da ke jinya a gadajen gefe suka taso suna kabbara. Ni ma na yi kabbara. Amma ni na taɓa ganin irin wannan janyewar.

Da suka fita sallar azahar na rage ni kaɗai. Allah Ya gafarta mini, na yi masa abin da ya yi wa jakin Baba Jibrin. Na kama babban yatsan ƙafarsa na matse gindin farcen da duk ƙarfina, idona a kan fuskarsa. Ƙafar ta janye daga hannuna. Fuskar ba ta ce komai ba. Gira ba ta motsa ba, numfashi bai sauya ba. Na matse yatsan hannunsa, na matse kafaɗa, shiru. Na sunkuya a kunnensa na kira sunansa, karo na farko a rayuwata. Mutumin da shekara goma sha shida yana tsokanata in faɗa ko sau ɗaya ya ji yadda yake fita a bakina. Da yana ji, da na gani.

Da yamma likita ya tara mu a baranda. Matashi ne, ga alama bai yi barcin kirki ba kwanaki. Ya ce jini ya taru a kai da yawa. Ya ce a nan ba su da mai buɗe kai, a Madani ko Khartum akwai, amma shi ba ya ganin zai jure hanya, kuma ko ya isa ba ya ganin zai sauya wani abu. Shawararsa a bar shi inda yake, kusa da iyalinsa. Yaya Musa ya ce, ƙafar fa? Likitan ya ce wannan motsin daga laka yake, ba alamar yana ji ba ce. Yaya Musa ya yi murmushin da manya ke yi wa yaro, ya ce, "Ya daktor, mu da shanu muka tashi. Abin da ke shuri yana da rai, kuma mai rai ba a zuba masa ido."

Sai likitan ya juyo gare ni. Ya ce, "Ke ce matarsa. Me kika gani?"

A duk barandar nan ni kaɗai ce, ban da shi, na san abin da yake faɗa. Ba a littafi na sani ba, mai ƙafar ne da kansa ya koya mini, a ƙofar gidanmu, da awartaki a hannu. Na kuma san abin da yake so. Duk Juma'a bayan masallaci yana zuwa kabarin mahaifinsa a maƙabartar unguwa, kuma ya sha faɗa mini cikin wasa cewa akwai fili a gefen tsohon, kada a bari wani ya riga shi. Hajja tana kallona. Yaya Musa yana kallona. Na ja mayafina na rufe baki, na ce, "Yadda Hajja ta ce."

Shekara tara ina juya kalmomi huɗun nan. Na ce kunya ce, suruka ba ta buɗe baki ta gaya wa uwa ɗanta ya tafi. Na ce tsoro ne, kada gobe a ce matarsa ce ta fara sallama shi. Duk gaskiya ne. Amma akwai na uku, wanda sai yanzu nake iya rubutawa: ni ma ina so a ce na yi kuskure. Ina so a ce ilimin da ya ba ni na jakuna ne da kaji, bai shafi mutum ba, bai shafe shi ba.

Da safe aka sa shi a mota, za a bi hanyar Madani. Wuri na mutum biyu ne, Hajja da Yaya Musa suka shiga. Autata Safiya tana da shekara uku, ga zazzaɓi a jikinta, aka ce in biyo su washegari. Ban ko taɓa shi ba da za a rufe ƙofar, mutane sun yi yawa. Bayan azahar waya ta zo. Ya cika kafin su kai duwatsun Fau. Rana tana zafi, hanya da nisa, Hausawan da ke aikin gona a can suka taru suka yi masa wanka, suka yi masa salla, suka rufe shi kafin magariba. Allah Ya saka musu da alheri, ban san sunan ko ɗayansu ba.

Na shiga takaba ban ga gawarsa ba. Ban samu zuwa Fau ba sai bayan daminar da ta biyo. Wanda ya san baƙar ƙasarmu ya san yadda take yi, ta kumbura da ruwa, ta tsage da rani, dutsen da ka kafa ya karkace ya koma wani wuri. Yaya Musa ya yi ta zagaye, can ya tsaya tsakanin tudu biyu ya ce, "Ko wannan, ko wancan." Na yi wa duka biyun addu'a. Wani bawan Allah da ban sani ba ya samu rabo.

Kada mai karatu ya ɗauka ina jayayya da ƙaddara. Na yi imani an rubuta masa ranarsa da ƙasar da za ta karɓe shi tun kafin a haife ni, kuma ko na yi magana ba lalle su saurare ni ba. Mata sun gaya mini haka a zaman makoki, malamin unguwa ya gaya mini, na yarda. Sai dai ƙaddara ba ta ɗauke wa mutum nauyin abin da ya sani ya ƙi faɗa. Kwanansa ya ƙare, wannan na Allah ne. Shirun kuwa nawa ne. Da na yi magana, wataƙila da ina gefensa, da ni na rufe masa ido, da 'ya'yansa suna da inda za su je ran Juma'a.

Yanzu ga shi har hanyar Fau ɗin ma ta daɗe ba ta biyuwa. Tun da yaƙin nan ya tashi Gadarif ta cika ta batse. Makarantu sun koma masauki, kowane gida yana da baƙi, mu ma mun ba da ɗaki ɗaya da rumfa. Ina yawan tambayar kaina me zai ce da ya ga wannan zamani. Ina ganin ba zai ce komai ba, jakarsa zai ɗauka. Jakunan da suka jawo karo daga nesa da tsofaffi da katifu a kai, kofato ya tsage, kafaɗa ta saɓule, ba mai duba su, don mutanen ma ba a gama duba su ba. Da yana nan da na san ƙofar gidanmu ba za ta rabu da su ba, kuma da na yi ta mita a kan ƙuda da ruwan da ake ƙarar mini. Ina kewar mitar nan.

Wani lokaci ƙofar kwano ta bugu da iska, in ga baƙinmu sun zabura gaba ɗaya kafin su san mene ne. In ce a raina, ga irin abin da yake faɗa. Sai kuma in ji kamar yana gyara mini, yana cewa wannan ta kunne ta shiga, hanyarta daban, kada in haɗa. Bai yarda da kusan daidai ba. Ni dai na san na gaji. Akwai ranakun da hannuwana ke yin kisra, su yi wanki, su yi wa Hajja wanka, ni kuma ban san ina nake ba sai an kira sallah.

Hajja tana wurina. Idonta ya tafi, ƙafafunta sun yi nauyi, kuma da Yaya Musa ya ce zai ɗauke ta ta ce ba ta barin ɗakin ɗanta. Ba ta taɓa gaya mini baƙar magana ba. Duk shekara, ranar da muke yi masa sadaka, muna dafa balila ta dawa da wake mu raba, matan unguwa su taru a rumfa, ita kuma ta ba da labarin. Yadda ta shafa man, abin da ta ce, yadda ya janye ƙafa. Ta kan ƙare da cewa, "Ya tafi da yafiyata a kunnensa, kuma ya ba ni amsa." Ta manta sunayen jikokinta da yawa, ta manta ta ci abinci ko ba ta ci ba, wannan kuwa ko kalma ɗaya ba ta faɗuwa. A kansa take tsaye. Sau takwas na zauna na ji, na ce haka ne, Hajja.

Bana abin ya zo mini ta inda ban zata ba. Cikin baƙinmu akwai wata malamar makaranta da ta gudo daga Madani, muna ce mata Ustaza. Don kada yara su zauna haka, tana tara su a rumfa da safe tana koya musu abin da ta iya. Ran nan na ji suna ta ƙyalƙyala dariya, na leƙa, na ga ta ɗora Safiya a kan kujera tana buga mata ludayi a ƙasan gwiwa, ƙafar tana tsalle ita kaɗai. Tana yi musu bayanin laka, da hannun da ke gudun wuta, da kazar da ke shuri bayan yanka. Na koma madafa da sauri.

Safiya shekararta goma sha biyu yanzu. Ba ta tuna fuskar ubanta, amma kansa ta ɗauko, har yadda take karkata kai idan magana ba ta shige ta ba. Yumma take ce mini, Hajja kuwa Habboba. Da rana ta same ni ina tsince wake. Ta zauna ta ce, "Yumma, ƙafar Abba da Habboba ke faɗa. Irin ta ludayin ce?"

Zan iya cewa Allah ne masani, in rufe zancen. Na dube ta na ga mai tambayar, na ga ba zan iya yi wa gidan nan shiru na biyu ba. Na gaya mata duka. Jakin, yatsan da na matse, barandar, abin da likita ya tambaye ni da abin da na amsa.

Ta ce, "Kin sani?"

Na ce na sani.

"Kika bari aka tafi da shi?"

Na ce na bari.

Ta miƙe, idonta ya kawo ruwa amma muryarta ba ta rawa. Ta ce da ita ce da ta faɗa, ko za a doke ta. Ta ce kuma ƙarya haramun ce, Abba ba ya son ta, ni da bakina na ce. Ta ce ranar sadaka idan Habboba ta fara, za ta gaya mata gaskiya a gaban kowa. Ban hana ta ba. Ban san ko daidai na yi ba. Na ce mata kawai ta tuna tsohuwa ce, kuma ba ta da wani abu a hannu sai wannan. Kwana huɗu yarinyar nan tana yi mini aike, tana amsa kira, amma ba ta haɗa ido da ni. Ban taɓa jin hukunci mai nauyin wannan ba, har na zaman takaba.

A kwanakin nan huɗu na yi ta auna abin da ya rage na mutumin nan a duniya. Kabari babu tabbas. Jakarsa tana rataye, allurai sun yi tsatsa. Baba Jibrin, wanda daga baya ya zama mai zuwa shan shayi kullum, shi ma ya rasu. Abin da ya rage shi ne wannan ɗabi'a ta duban fuska a bar ƙafa, ta ƙin karɓar alama don kawai tana da daɗi. Ya ba ni ita, na kasa riƙe ta ranar da ake buƙata. Ga ta ta tsallake ni ta sauka a kan yarinyar da ba ta ma san muryarsa ba. Na yi alfahari da ita, kuma na ji tsoronta. Na kuma tambayi kaina abin da ban taɓa tambaya ba: shi da kansa, da ya gaya wa Baba Jibrin gaskiya a kan jaki, zai iya gaya wa mahaifiyarsa yau, tana makauniya, shekara tara bayan an rufe magana? A baranda gaskiyar tana da abin da za ta ceta. A rumfa ban ga abin da za ta ceta ba. Amma ni ce mutum ta ƙarshe da ta isa ta koya wa wani lokacin magana.

Ranar ta zo, Juma'ar da ta wuce. Aka dafa balila, aka raba, mata suka zauna bayan la'asar, har da baƙinmu. Safiya ce ke zuba shayi. Hajja ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Ina auta? Zo nan kusa, ke ce ba ki san shi ba." Safiya ta ajiye buta ta durƙusa a gabanta. Tsohuwar ta lalubi kanta ta dafa, ta fara. Man riɗi, yafiya, ƙafa. Muryarta tana ƙara ƙarfi kamar kullum idan ta zo wurin. Da ta kai "ya ba ni amsa" sai ta yi shiru tana murmushi, fuskarta a ɗage, tana jiran a ce haka ne.

Na ga Safiya ta ja numfashi. Na ga kafaɗunta sun ɗaga. Na sunkuyar da kai ina salati a zuci, ban san me nake roƙo ba, ta faɗa ko kada ta faɗa. Ruwa yana ta tafasa a kan gawayi. Can na ji ta ce, ƙasa-ƙasa, "Allah Ya jiƙansa, Habboba." Mata suka amsa da amin, aka ci gaba da shan shayi.

Da aka watse ina wanke kofuna a bakin randa, ta zo ta tsuguna a gefena ta kama ɗauraya. Muka wanke rabi. Sannan ta ɗago ta kalle ni, karo na farko cikin kwana huɗu.

"Yumma, wallahi na shirya maganar tun jiya, har na maimaita ta a banɗaki. Da ta gama tana murmushin nan, sai bakina ya ƙi buɗuwa. Ke ma haka ya yi miki?"